Fim ɗin da Jafaru Ya Tace Babu Murya

Ƙanena Jafaru shi ne mai shagon tura fina-finai a waya da ke kwanar layinmu a unguwar Barkin Sale. Ni kuma Basira ce, mai wainar da ke gefen shagon. Shekara goma sha ɗaya ke nan hayaƙin tandata yana shiga masa shago, ƙarar janaretansa tana shiga mini kunne, babu wanda ya kai ƙarar wani. Idan kun ji ina faɗin laifinsa kada ku ce ƙiyayya ce. Ni na goya shi, ni na wanke masa kashi, saboda haka ina da bakin magana, kuma yau sai na faɗa.

A unguwar Limawa aka haife mu. Tun yana ɗan mitsitsinsa Jafaru ba shi da haƙurin jira. Tuwo da zafinsa yake haɗiye shi, ya yi ta hawaye yana ci. Idan ka fara ba shi labari, kafin ka kai tsakiya ya ce, "Na gane, na gane," ya ƙarasa maka da bakinsa. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kai ka inda ba ka nufa ba. Innarmu ta yi faɗa har ta gaji ta bar shi da halinsa.

Yana da shekara goma sha tara ya kafa ɗan tebur yana ba da hayar kaset. Ranar wata ƙaramar Sallah wani magidanci, Malam Ndaliman, ya karɓi kaset ya kai wa iyalinsa. Abin da ke jikin kwalin daban, abin da ke cikin kaset ɗin daban, kuma ba abin da zan iya faɗa ba ne. Mutumin nan ya dawo yana huci, ya fasa kaset ɗin a kan teburin a gaban jama'a, sannan ya wuce wurin babanmu. Baba bai doki Jafaru ba. Wata guda cur kawai ya yi bai amsa gaisuwarsa ba, kuma hakan ya fi wa Jafaru duka ciwo. Ranar da Baba ya amsa, Jafaru ya rantse a gabansa cewa babu fim ɗin da zai sake fita daga hannunsa sai idonsa ya gani.

Kuma ya riƙe rantsuwar, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Kaset ya wuce, faifai ya zo ya wuce, aka koma tura wa mutane a waya da memori, yana nan a kan bakansa. Har unguwa ta sa masa suna Jafaru Rariya. Iyaye mata, na masallaci da na coci, sai su ba da waya a kawo masa su ce a cika wa yara, ba sa ko dubawa. A kwamfutarsa folda biyu ce, Na Yara da Na Manya, abin da bai shiga ko ɗaya ba kuwa goge shi yake yi. Malam Ndaliman ɗin nan da ya fasa masa kaset ya koma babban abokin cinikinsa, kullum da hantsi yana kan bencin ƙofar shagon yana cin wainata.

To amma ku tambaye ni yadda ake tacewar, ni da nake gefe ina gani. A zamanin kaset fim biyu ke zuwa a mako, ya zauna ya kalle su daga farko har ƙarshe. Yanzu arba'in, hamsin ake kawo masa a mako. Sai ya ɓullo da dabara. Ya kashe murya ɗungurungum, ya ɗora yatsa a kan madannin da ke tura fim gaba, mutane su yi ta gudu a allo kamar an biyo su. Abu huɗu yake nema: fata, gado, kwalba, jini. Idan bai ga ko ɗaya ba, sai ya tsallaka zuwa minti biyar na ƙarshe ya tabbatar mugu ya sha kashi, shi ke nan, fim ya shiga Na Yara. Fim ɗin awa biyu a minti bakwai ya gama da shi.

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na ce masa, "Jafaru, ai zagi ba a ido ake ganinsa ba."

Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ke da waina, ni da fim. Na taɓa gaya miki yawan yis ɗin da za ki zuba?"

Yanzu bari in kawo ku kan Fadila, 'yarsa ta fari da matarsa Lauratu ta haifa masa. Shekararta goma sha huɗu, kuma tun tana shekara uku take da in'ina. Kalma takan maƙale mata a maƙogwaro, ta rufe ido, haɓarta ta yi ta rawa, sai can ta fito. Amma ku ba ta biro da takarda ku sha mamaki. Ubanta yana sonta kamar ransa, kuma son ne ya hana shi jure ganin tana fama. Da ta ce, "Baba, ina son..." ta tsaya, sai ya ce, "Kuɗin littafi? Ungo." Ko ba shi take nufi ba, sai ta karɓa ta yi godiya da ka. Akwai ranar da ta dawo daga kasuwa da takalmi alhali allurar saƙa take so, don shi ya ƙarasa mata maganar. A wurina take sakewa. Ranar Asabar takan zo ta taya ni juya waina, ni kuwa ba inda za ni, sai in bar ta ta yi maganarta har ta dire.

Makarantarsu tana unguwar Fadikpe. Bana aka ce 'yan ajinsu kowa ya rubuta jawabin maraba da za a karanta ranar bikin ƙarshen shekara, gaban iyaye da baƙi. Na Fadila ya fi na kowa. Aka so a ba wata mai zaƙin baki ta karanta, sai malamarsu, Malama Liyatu, 'yar kudancin Kaduna, ta kafe ta ce wanda ya rubuta shi zai karanta. Mako biyu tana lallashin yarinyar nan kafin ta amsa. Ranar da ta amsa ta zo wurina da takardar a ninke cikin hijabi, idonta yana ƙyalli. Duk Asabar sai ta karanta mini ina zuba ƙullu. Wata guda ya rage a yi bikin, kuma wallahi ban taɓa ganin ta so wani abu kamar yadda take son ta hau dandamalin nan ba.

Ana cikin haka aka kawo wa Jafaru wani fim na barkwanci, irin na ƙasashen waje da ake fassara wa da Hausa, wai na iyali ne, kowa da kowa. Ya yi masa minti bakwai ɗinsa. Ya ga yarinya 'yar makaranta da suturarta tsaf, mai jin kunya, bakinta yana kakarewa idan za ta yi magana. Ya ga 'yan ajinsu suna wani fizgar hannu baya suna dariya, ya ɗauka rawa ce. Ya tsallaka zuwa ƙarshe, sai ga yarinyar a kan dandamali tana zuba magana, jama'a suna tafi, ubanta yana hawaye ya rungume ta, an miƙa mata kofi.

Ya leƙo ta taga bakinsa har kunne. "Yaya, zo ki ga ikon Allah! Kamar don Fadila aka yi shi."

Na shiga da mai a hannuna, ya nuna mini ƙarshen nan, babu murya. Na gyaɗa kai na ce ma sha Allah, na koma kan tandata. Ni da nake ta yi masa gorin kashe murya, ranar da ya kamata in ce kunna mu ji, ban ce ba. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Kun san al'adar gyara. Idan ka sayi waina ta ɗari biyar, sai in ɗora maka guda ɗaya a sama. Shi ma Jafaru haka yake yi, duk wanda aka cika wa memori sai ya ƙara masa fim ɗaya kyauta. Sai mutumin nan, da kyakkyawar niyyarsa, ya ce wannan fim shi ne gyaran watan gaba ɗaya, don yaran unguwa su koyi girmama mai in'ina kafin ranar bikin. Duk wayar da ta shigo shagon sai ta fita da shi. Waya sama da ɗari biyu, ban da waɗanda yara suka tura wa junansu. Ita kuwa Fadila ya sa mata a wayar uwarta, ya ce, "Ki kalla har ƙarshe, ki ga yadda ake yi." Ta shiga ɗaki da rana ta maƙala abin sauraro a kunnuwa ta kalla. Da ta fito ba ta ce uffan ba, shi kuma ya ce wa Lauratu fim ɗin ya ratsa ta.

Asabar ta zagayo. Yara sun yi layi a gaban tandata da kwanukansu, Fadila tana karɓar kuɗi. Ta dubi na gaba za ta ce na nawa, kalmar ta maƙale. Sai wani ɗan ƙwal, wanda bai fi shekara bakwai ba, ya ɗora ƙafa a kan benci, ya sunkuya, ya fizgi hannu baya kamar mai jan igiya, ya ce, "Janareta, tashi!" Kafin in ɗago, duk layin ya ɗauka. Suna fizga, suna ƙarar injin da ya ƙi tashi da leɓɓansu, suna faɗuwa ƙasa don dariya. Wasu ma wainata ce a bakinsu.

Na zaro itace daga murhu na yi kansu, suka watse. Wata mata da ke jiran a zuba mata ta ce, "Haba Basira, meye na zafi? Ai wasan fim ne. A shagon ƙanenki ma aka tura mana."

Na juyo, Fadila ta ajiye kuɗin a kan faranti ta tafi. Takardar jawabin da ta zo da ita ko warware ta ba ta yi ba.

Na karɓi wayar matar nan na zauna a kan turmi, na ƙure murya. Waina ta ƙone a tanda ƙurmus, ban ko waiwaya ba. Jama'a, awa ɗaya da minti arba'in ana cin mutuncin yarinya! Janareta shi ne sunan da aka laƙaba mata a fim ɗin, fizgar hannun da Jafaru ya ɗauka rawa ce kuwa jan igiya ce. 'Yan aji su yi mata, ƙanenta ya yi mata, har kakanta a wurin cin abinci ya yi mata. Shi kuma mai fassarar, Allah ya shirye shi, bai tsaya a abin da aka faɗa ba. Ya ƙara nasa gishirin, yana kwaikwayon in'inar da muryarsa, yana cewa a duba mai, a duba fulogi, yana ƙyaƙyata dariya da kansa. Abin da ya fi ƙona mini rai, an tsara abin ne yadda dariya za ta kuɓuce maka kafin ka ankara. Ni kaina, gwaggon Fadila, akwai wurin da na ji ta taso mini. Saura kaɗan in jefa wayar mutane a wuta.

Minti goma na ƙarshe ne kawai ake nuna yarinyar ta yi ƙarfin hali. To wane yaro ne ke kai wa can? Caji ya ƙare, ko mai waya ta karɓe abarta, ko a aike shi. Ko ma an bar masa, baya yake mayarwa ya sake kallon wurin dariyar sau goma. Ɗan shekara bakwai abin da zai iya yi da hannunsa da bakinsa shi yake ɗauka, kuma jan igiya ba ya buƙatar koyo.

Na faɗa wa Jafaru a ranar, ya ce in bar shi da ƙuruciyar yara, kwana biyu za su manta. Malam Ndaliman ya sa baki daga kan benci. Ya ce shi jikokinsa sun kalla, babu tsiraici, babu giya, kuma akwai darasi a ƙarshe.

Na ce, "Malam, da girmanka. Kai za ka ba jikanka kwanon barkono ya cinye, don ka ɓoye masa tsoka ɗaya a ƙasa? Kai da ka fasa kaset a kan idon 'ya'yanka, kunnensu ba naka ba ne?"

Ya ce na cika zafi. Na ce an daɗe ana faɗa.

Yara ba su manta ba. Abin ya haye titi ya kai Fadikpe. Kwana tara bayan haka, da azahar, keke napep ya tsaya a ƙofar shagon, Malama Liyatu ta sauko da takarda a hannu. Na gane takardar tun daga nesa. Ta gaishe ni, ta shiga, ni kuma na bi bayanta ba tare da an gayyace ni ba.

Ta ce, "Baban Fadila, 'yarka ta dawo mini da jawabinta. Mako guda ke nan ba ta buɗe baki a aji ba. Ko sunanta na kira, hannu take ɗagawa. Na hukunta yara har na gaji, ina juya baya sai in ga inuwar hannu a bango. Ka kalli fim ɗin nan kuwa?"

Jafaru ya gyara zama ya ce, "Malama, babu abin da ke fita daga shagon nan sai idona ya gani."

Ta ce, "Na san ka gani. Ka ji?"

Nan na karɓe zancen, kuma ban rage masa komai ba. Na ce, "Bai ji ba! Bai taɓa ji ba! Shekara nawa kana cika baki, Rariya, Rariya, ashe rariyar a huje take? Iyaye sun ba ka amanar 'ya'yansu, kai kuma ka ba yatsanka. Ka ɗauki wuƙa ka raba wa yaran unguwa kyauta, wai gyara, ka ce su je su gwada a kan 'yarka. Ko maƙiyinta ba zai yi mata wannan aikin ba, Jafaru!"

Da Malama ta tafi, na sallami masu jira, na jawo ƙofar shagon, na jona babbar sipikarsa da hannuna. Na ce yau sai ya kalla daga farko har ƙarshe da murya, yadda Fadila ta kalla. Na tsaya a kansa da cokalin ƙullu. Sau uku hannunsa yana tafiya wurin madannin nan da kansa, sau uku ina buge shi. Tun a minti goma na farko gumi ya keto masa. Da aka zo wurin kakan, ya sa hannu ya rufe fuska, na ce buɗe, ai kai ne mai ido. Da fim ɗin ya ƙare bai tashi ba. Idonsa a kan allon ya ce a hankali, "Yaya, ni na ce mata ta kalla har ƙarshe."

Washegari ya goge fim ɗin daga kwamfutarsa, ya bi gida-gida yana roƙon a ba shi waya ya cire. Wasu suka ba shi, wasu suka ce ai yara suna so. Duk wahalar banza ce, don abin ya riga ya bar waya ya koma hannun yara.

Da la'asar ya ce in raka shi gida, shi kaɗai ba zai iya fuskantarta ba. Muka tarar da Fadila a tsakar gida tana tsince shinkafa, Lauratu tana gefe idonta ya kumbura. Jafaru ya durƙusa a gaban 'yar cikinsa, ya yi ta zuba ban-haƙuri kamar an buɗe famfo. Bai sani ba, bai ji ba, zai je makarantar, zai kama yaran ɗaya bayan ɗaya. Fadila ta ajiye faranti. Ta buɗe baki, karo na farko a kwana goma. Ta ce, "Baba, ba..." sai ta maƙale, ta rufe ido.

Sai na ji mutumin nan ya ce, "Na sani, na sani, kina so ki ce ba za ki iya..."

Na daka masa tsawar da sai da kajin gidan suka watse. "Rufe mana baki! Wallahi ka sake cewa tak sai na fasa maka baki da wannan farantin. Ita ma tura ta gaba za ka yi?"

Ya rufe. Ya damƙe gwiwoyinsa da hannu biyu. Muka zauna muna jira, haɓar yarinyar nan tana rawa, jijiyar wuyanta ta tashi. Ban san minti nawa ta ɗauka ba, amma babu wanda ya motsa, kuma kalma bayan kalma ta fitar da abin da ke cikinta. Zan faɗa muku shi a miƙe, ba yadda ya fito ba.

Ta ce, "Baba, ba dariyarsu ce ta fi mini ciwo ba. Na saba da dariya. Ƙarshen ne. Ita da ta hau dandamali, in'inar ta tafi, ta yi magana kamar kowa. Sai da ta warke babanta ya rungume ta. Ka ce in kalla in ga yadda ake yi. Ni ba zan warke ba, Baba."

Innalillahi. Wurin nan da ya kira ni in gani bakinsa har kunne, wurin da na ce ma sha Allah, ashe shi ne mafi muni a fim ɗin gaba ɗaya. Lauratu ta fashe da kuka. Jafaru bakinsa ya buɗe, ya dube ni, ya mayar ya rufe. Yarinyar ba ta gama ba, kuma da ya yi magana da ba mu ji sauran ba.

Ta ce, "Zan karanta. Amma haka zan karanta, yadda nake. Kuma kada ka taya ni."

Ranar bikin aka kafa rumfuna a filin makarantar, rana tana dukan kwano tun ƙarfe goma. Na rufe tandata, abin da ko da Sallah ba na yi. Muka zauna a layi na biyu, Jafaru a tsakiya, ni da Lauratu mun sa shi a tsakani kamar ɓarawo. Malama Liyatu ta kira sunan Fadila, ta hau da takardarta, ta tsaya gaban makirfo. A sallamar farko ta maƙale.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba a yi irin na fim ba. Daga bayan rumfa aka fara ƙarar injin nan, na waiwaya na ga hannaye huɗu ko biyar suna fizga. Wasu iyaye, manya da su, suna danne dariya da gefen mayafi, Allah ya isa. Wani mutum a gabanmu ya duba agogo ya ja tsaki. In'inar ba ta tafi ko'ina ba, a kowane layi sai ta tare ta. Jawabin da Malama Liyatu ta ce na minti uku ne, sai da ya ci minti goma sha uku.

Ni ba Fadila nake kallo ba, na riga na san za ta kai. Jafaru nake kallo. Ya san jawabin, ya karanta takardar. Duk inda ta tsaya, kalmar tana kan harshensa, ina ganin leɓɓansa suna son motsi. Sai ya cusa gefen hularsa a baki ya cije. Haka ya zauna, gumi yana bin wuyansa, har ta kai layin ƙarshe ta ce ta gode, ta ninke takardarta. Masu fizgar hannun sun gaji tun a tsakiya sun daina. Aka yi tafi, ba mai yawa ba, babu kofi, babu mai ɗaukar ta sama. Ta sauko ta koma cikin 'yan ajinsu ta zauna ta sha ruwa.

Yanzu Jafaru fim huɗu yake tacewa a mako, biyar idan ya matsa, da murya, daga farko har ƙarshe. Masu son sabo-sabo da yawa sun koma wani shagon, bencin ma Malam Ndaliman kaɗai ya rage a kai. Har yau akwai yaran da ke jan igiya idan Fadila ta wuce, kuma har yau itacena yana kusa da hannuna. Mai fassarar nan kuwa ban yafe masa ba, duk inda yake.

Shi ma Jafaru ban gama hucewa da shi ba, saboda abin da ya ce mini a ranar. Muna fitowa daga makarantar, muna tsaye bakin titi muna jiran keke napep, hular a jiƙe a hannunsa, sai ya matso kusa da ni.

Ya ce, "Yaya, kin lura idan ta zo ƙarshen magana muryarta takan sauka a hankali, sak irin ta Inna?"

Na ce, "Tun tana shekara biyar na sani."

Ya ce, "Ni yau na fara ji."